Alamar Hannunsa a Cikin Injinta

Kafin wata ta shigo min ƙasan rubutu da wa'azi, bari in faɗa da bakina: ina da kishi, kuma ba ɗan kaɗan ba. Ni ce wadda in Dogo ya yaba fentin mota sai na tambaye shi ko ta mace ce. To ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau ba a wayarsa na gano shi ba, ba kuma gulma aka kawo min ba. A cikin injin mota na tsince shi, hannuna dumu-dumu da baƙin mai.

Ga waɗanda yau suka fara bi na: Babanmu bakanike ne, garejinsa manne yake da gidanmu, ƙofa ɗaya ce tsakanin tsakar gida da wurin aiki. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce auta, kuma ni kaɗai na ɗauko kunnensa. Tun ina riƙe masa fitila a ƙarƙashin mota har ya zama shi ke riƙe min, saboda idonsa ya fara rauni. Dogo kuwa a hannun Baba ya koyi aiki, ya yi shekaru yana cin abincin Umma, sannan ya buɗe tasa rumfar a can wani gefen gari. Sai da ya tafi ya gano wai yana so na. Ni na riga shi ganowa da daɗewa, amma ban taɓa ba shi wannan labarin ba don kar kansa ya kumbura.

Umma ba ta so. Ba wai ta tsani Dogo ba ne, cewa ta yi ita ta gaji da wankin kayan baƙin mai, ba za ta zuba ido 'yarta ta gaji bahon ba. Tana da nata ɗan takarar, ɗan ƙawarta da muke kira Mai Kemis, mutum mai fararen kaya da turare, wanda ko ƙofar gareji zai wuce sai ya tattare bakin riga. Yayyena uku suna bayanta. Kullum wayata cike da saƙon murya, Auta ki yi tunani, Auta ki dubi farcenki ki dubi na sa'anninki. Ni kuwa na kafe. Daminar bara kaf a faɗan nan na ƙarar da ita, na yi kuka, na yi yajin cin abinci, na daina gaishe da Yaya Babba sai da ita ta nemi sulhu. Da ƙyar Umma ta sassauta, Baba ya ce to, zai kira kawunnan Dogo ya ba su ranar da za su zo a yi magana. Kiran nan kaɗai ya rage tsakanina da auren da na yi wa yaƙi.

Da safiyar ranar da abin ya faru na tashi da saƙon Dogo: "Injiniyata, kin tashi lafiya? Na fita sayo kaya, da yamma zan biyo in gaishe da Baba. Zan sa farar rigar nan da kike so." Na mayar masa da cewa ya dai kula kar ya jingina da komai a hanya. Na zura tsohuwar rigar aiki ta Baba a kan doguwar rigata, na naɗe hannun, na ɗaure kaina tamau da ɗankwalin da ya riga ya sallama wa giris, na fito ina murmushi ni kaɗai.

Muna gareji ni da Baba, tun kafin wata mota ta shawo kwana muka ji ta. Wani bugu ne mai nauyi daga can ƙasan inji, ƙwam ƙwam ƙwam, kamar ana dukan ƙofar ƙarfe daga ciki. Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya ce duk mai wannan motar Allah ya sa ya san addu'a. Ƙaramar mota ce ruwan toka, tsaf da ita. Tana tsayawa aka buɗe ƙofa, ƙamshi ya riga mai shi fitowa.

Gabana ya faɗi, don na san ta. Nas ce a asibitin da aka kwantar da mahaifiyar Dogo can baya. Ranar da na je dubiya na same ta tsaye a bakin gado tana dariya, ta kira shi da sunan da mahaifiyarsa kaɗai ke kiransa da shi, wanda ni har yau ban samu izinin amfani da shi ba. Da muka fito na tsare shi a bakin get. Ya rantse ma'aikaciyar ɗakin ce kawai, mai faran-faran da kowa, ko lambarta ba shi da ita. Na yarda, ko in ce na ajiye maganar a inda zan iya ɗauko ta.

Ita ba ta gane ni ba. Wa zai haɗa yarinyar da ta je asibiti da kwalliya da wannan mai kama da buhun gawayi? Fararen kayan aikinta ne a jikinta, ta yafa siririn mayafi ruwan hoda, agogo ɗan ƙarami a hannu, fatar hannun nan sumul kamar ba ta taɓa wanke cokali ba. Na duba ta sama da ƙasa ina neman aibi, wallahi ban samu ba sai dai tsayin haƙoranta na gaba, shi ma kyau ya ƙara mata. Haushi ya ƙara kama ni.

Ta gaishe da Baba har da rusunawa. Ta ce kwana biyu jar fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa in ta tsaya a danja, yau kuma tana dawowa daga aiki wannan ƙarar ta fara, shi ne ta lallaɓo zuwa garejin da ta fara gani. Baba ya tambaye ta ko an taɓa buɗe injin. Ta ce ƙwarai, a daminar bara wani ya sauke shi gaba ɗaya ya yi masa aiki, don a lokacin yana shan baƙin mai yana kuma ɗiga mata a tayil ɗin gida har maigidan haya yana mita.

"Tun da ya gyara ko ɗigo ɗaya ba ta ƙara zubarwa ba," in ji ta. "Shi na so in kai wa, to yanzu ba ya ɗaga wayata."

Baba bai tambayi ko wane ne ba. Ya dai juyo ya ce, "Uwata, zo ki saurara."

Nas ta ɗan buɗe ido da ta ga ni ce zan duba, ta ce kai, ƙanwata, ashe ke ce likitar. Ƙanwarki a ina, na faɗa a raina, amma a fili sai na ce ta tayar min da motar. Na ɗauko dogon sukundireba na ɗora bakinsa a saman inji, na kanga kunnena a ƙotar. Saman shiru, tafet, ƙananan ƙarafan da ke bugawa a saman inji, ba su da laifi, don su ƙararsu siririya ce mai sauri. Da na sauko da shi gefen inji ta ƙasa sai bugun ya hau min har haƙori. Na ce ta ɗan taka totur. Bugun ya bi ta, tana ƙarawa yana ƙara sauri, tana sakewa ya ba da wani ƙwaram sannan ya lafa. Na shiga zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Na farko babu canji, na biyu haka, ina zare na uku ƙarar ta kusa ɓacewa, ina mayarwa ta dawo. Na ce ta kashe maza.

Na yi wa Baba bayani da ƙarfi yadda za ta ji, don ta san ba ado nake yi a gareji ba. Kwanrod na uku ne ke bugu, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, metal ɗinsa ya cinye. Ta tambayi mene ne metal. Baba ya nuna mata wani tsoho a kan teburi, siririn ƙarfe mai kama da rabin awarwaro, ya ce guda biyu ake haɗawa su rungume karanshaf, baƙin mai na ratsa tsakaninsu. In mai ya yanke, ƙarfe ya ci ƙarfe, sai a fara jin abin da ta ji. Ya ce da ta ƙara tafiya kaɗan da sandar ta fasa inji ta leƙo waje. Ta dafe ƙirji, ta yi godiya, ta miƙo min makulli mai ɗauke da 'yar tsanar kyanwa, ta tari tasi ta tafi.

Ba zan ɓoye muku ba, da na shiga motar don in ja birkin hannu sai da na buɗe aljihun gaba. Me nake nema, ban sani ba. Tishu na samu, da man shafa hannu, da alewar minti. Na shinshina kujerar gefen direba kamar wata karya. Na ji kunyar kaina na fito, na ce ke Auta, mace ta kawo mota gyara, ki yi aikinki.

Baba ya ce bayansa na ciwo, ni zan buɗe. Ya ja bencinsa gindin inuwa ya zauna yana kallo. Muka ɗaga motar da jak muka tokare ta, na shimfiɗa kwali na kwanta na shige. Na fara tsiyaye baƙin mai a roba, na turo wa Baba ita cikin rana. Ko da raunin idonsa ya ga abin da na gani, man yana ƙyalli da wani gari mai ruwan tagulla, kamar an barbaɗa masa hodar kwalliya. Ya ce ga metal ɗin nan ya narke a miya.

Da na zo kwance kwanon baƙin mai, wanda ke can ƙasan inji, sai na ga abin da ya ba ni dariya. Jan gam ne aka lafta a bakinsa, ya tumbatso ta ko'ina. Notinan sun fita amma kwanon ya ƙi sauka, sai da na sa wuƙa na bi shi ina yankawa. Yana saukowa na ga ɓarnar. Gam ɗin da ya tumbatsa ta ciki ya gutsuttsure, ya yi silili-silili kamar tsutsa, ya je ya toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Ragar nan bai fi rabinta ke numfashi ba. Na ɗaga murya na ce Baba, ko waye ya yi aikin nan da ludayi ya zuba gam. Baba ya yi dariya, ni ma na yi. Ku tuna da dariyar nan tawa, ita ce ta ƙarshe a ranar.

Na kama gindin kwanrod na uku na girgiza, ya yi ƙwal ƙwal a hannuna, alhali sauran ko motsi. To a ƙa'idar aikinmu, kafin ka kwance murfin kwanrod dole ka yi masa alama, don kowane murfi da nasa sandar, kuma da fuskar da yake kallo. In ka musanya ko ka juya shi, ka kashe inji da hannunka. Na ɗauko fanci, ɗan ƙarfe mai tsini, da ƙaramar guduma zan buga ɗigo uku, na sa tsumma da fetur na goge wurin. Sai na ga an riga ni.

Ɗigo uku ne a jere, amma ba a gefen da kowa ke bugawa ba, a ɗaya gefen ne, inda bahago kaɗai hannunsa zai fi kaiwa. A ƙarƙashinsu kuma ɗan gajeren layi na kurfi, a karkace. Na san layin nan kamar yadda na san tabon da ke goshina. Dogo bahago ne, kuma tun yana yaron gareji yake ƙara shi, wai don in inji ya dawo ya gane aikinsa, Baba ya yi faɗa har ya gaji, ya ce ƙarfe ba takarda ba ne da za a riƙa sa masa hannu. Na goge na ɗaya, na goge na biyu, na goge na huɗu. Duk da layinsu.

Na daɗe kwance a wurin, baƙin mai yana ɗigo min a kumatu ban goge ba. Daminar bara. Daminar da nake kwana da yunwa saboda shi, nake jan faɗa da uwar da ta haife ni. A lokacin ya yi makonni bai zo zance ba, ya ce wata babbar mota ce ta riƙe shi, mai ita ya matsa masa. Har tausayinsa na ji, na aika masa da man zafi. Ashe babbar motar ruwan toka ce, kuma tana da makulli mai kyanwa.

Wata za ta ce to mene ne, bakanike ya gyara motar mace, ba aikinsa ba ne? Ni ma na faɗa wa kaina haka. Na ce bari in duba aikin, in na kasuwa ne zan gane. Na kwance murfin na ukun, metal ya faɗo min a tafin hannu, ya cinye har jan tagullar ciki ta fito, bayansa ya yi baƙi saboda ya juya a mazauninsa. Na shafa wuyan karanshaf da farce, farcen yana maƙalewa a tsagi, alamar sai an sauke inji an kai shi wurin masu yanka. Wannan duk ciwon inji ne, ban damu ba. Abin da ya ƙona min rai sauran ukun ne.

Na kwance su ɗaya bayan ɗaya. Metal ɗin na asali ne, masu tambari a baya, irin waɗanda sai ka taka har babbar kasuwa ka yi rantsuwa kafin a fito maka da su daga ƙasan kanta. Kowane noti ɗauri ɗaya, babu wanda ya fi wani, an bi su da sifanar awo ba da ƙarfin tuwo ba. Zaren notinan a wanke. Ƙananan ramukan da mai ke bi an zuzzura musu waya an busa. Har bakin murafun an bi da takardar goge ƙarfe an kashe musu kaifi, abin da babu mai gani har abada sai wanda ya kwanta inda na kwanta. Na san aikin Dogo na yau da kullum, mai kyau ne amma mai sauri, ya ɗaure ya tayar ya karɓi na gaba. Wannan kuwa zama aka yi masa, aka lallaɓa shi.

Na juya kaina, daga inda nake ina hango lungun gareji. Akwai wata tsohuwar mota a can lulluɓe da tamfol, wadda Baba ya ba ni, Dogo ya yi alkawarin shi zai tayar min da injinta da hannunsa. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun girma an yanka wasu, alkawari yana nan.

Sai gam ɗin ya dawo min a rai, nan ne na ji kamar an zuba min ruwan batir a ƙirji. Dogo ne fa mai yi wa masu lafta gam dariya, shi ke cewa a shafa shi siriri kamar kwalli. Bai taɓa yin wannan kuskuren a motar kowa ba. Amma ita ta yi masa kukan mai yana ɓata mata tayil, maigidan haya yana mata mita. Shi ne ya manta da duk abin da ya sani, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, don kar ɗigo ɗaya ya ɓata mata rai. Ba sakaci ne ya kashe injin nan ba, tsabar kulawa ce. Da ganganci ya yi mata da na fi samun sauƙi.

Ina cikin haka na ga silifas ɗin Umma a bakin ƙofar tsakar gida. Ta ce in fito in ci abinci kafin ya huce. Na turo kaina waje, ta dube ni ta ce me ya sami idona ya yi ja. Na ce fetur ne ya fantsar min. Murfin na ukun yana aljihun rigata, nauyinsa yana jan rigar gefe ɗaya. Kalma ɗaya zan faɗa mata shi ke nan, kafin la'asar yayyena sun hallara, kafin magariba Mai Kemis ya fesa turare ya taho. Kuma ba za su yi min dariya ba, abin da ya fi dariya ciwo za su yi, za su tausaya min. Na ce mata ba na jin yunwa. Ta ce an fara kuma, ta juya ciki tana mita.

Na zauna a kan tsohuwar taya na ciro waya da hannun mai. Ga saƙon murya daga Yaya Babba, wai ta ga wani yadi da zai dace da ni ranar da baƙin za su zo, tunda na nace ai sai a yi abin a mutunce. Ban iya saurara har ƙarshe ba. Na buɗe wurin Dogo na rubuta, "Wace babbar mota ce ka gyara bara?" na goge. Na rubuta, "Nas tana gaishe ka," na goge. Na ɗauki hoton ɗigo ukun da layinsu, yatsana yana kan turawa, na fasa. In na tura zai samu lokacin shirya magana a hanya, ni kuma fuskarsa nake so in gani.

Wani gefen zuciyata yana ta kawo masa uzuri. Ai ba ya ɗaga wayarta yanzu, da bakinta ta faɗa. Ai ya zaɓe ki. Ɗaya gefen yana cewa mutum ba ya guje wa kiran wadda bai damu da ita ba, ɗagawa yake ya ce yana da aiki.

"Uwata," in ji Baba daga benci. "Kawo min murfin na uku."

Na ce ai na gama dubawa, karanshaf ne sai an yanka. Ya miƙo hannu kawai, bai sauke ba. Na je na ɗora masa. Bai ko kai shi kusa da ido ba, babban yatsansa ya bi gefen, ya wuce ɗigo uku, ya tsaya a kan layin. Ya daɗe yana shafa wurin. Na tsaya ina jiran faɗa, ko tambaya, ko ya ƙwala wa Umma kira.

"Aiki ne mai kyau," ya ce. "Gam ne ya yi yawa."

Na ce, "Baba, ka san ko na waye."

"Ni na koya masa riƙe guduma." Ya mayar min da murfin, ya taɓa aljihun gaban rigarsa inda wayarsa take. "Yau na yi niyyar kiran kawunnansa, ban kira ba tukuna. Uwarki ba za ta ji komai daga bakina ba. In kin ce in kira, in kira. In kin ce in bari, ba zan tambaye ki dalili ba."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na koma na wanke metal ɗin guda takwas na jera su a kan tsumma bisa tsari, kamar yadda ya koya min. Sauran yinin na ƙarar da shi ina shirya magana. In Dogo ya musa, ga abin da zan ce, har da inda zan dakata in kalle shi. In ya ce taimako ne kawai saboda ta kula da mahaifiyarsa, zan tambaye shi me ya sa taimako ya koma babbar mota. In ya durƙusa ya ba ni haƙuri, zan bar shi ya daɗe a durƙushe, sannan, ku yafe min, na san zan haƙura. Har na zaɓi kalmar da zan haƙura da ita. Ban canza kaya ba, ban wanke fuska ba, na ce yau a haka zai gan ni.

Rana ta yi sanyi na ji ƙarar babur ɗinsa. Ya shigo da farar rigar nan mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, sabon aski, ledar lemo a hannu ta Umma. Ya yi kyau, abin haushin ke nan. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya juyo yana min murmushin nan nasa na gefen baki, ya buɗe baki zai ce Injiniyata. Sai idonsa ya sauka a kan motar da ke ɗage a bayana. Murmushin ya tsaya a inda yake.

Na kama hannunsa na hagu, abin da ban taɓa yi a gaban Baba ba, na buɗe tafin, na ɗora masa cinyayyen metal ɗin da murfinsa, alamar tana sama. Ledar lemon ta zame ƙasa, guda biyu suka gangara ƙarƙashin teburi. Ya juya metal ɗin, ya ga jan tagullar, ya ga baƙin bayan. Na gyara tsayuwa, duk jawabaina suna bakin harshe, ina jira in ji wanne zai fara buƙata.

"A ina ya buga mata?" ya ce. Muryarsa ta sauka can ƙasa. "Ba a babbar hanya ba dai? Ita kaɗai ce a ciki?"

Ko ɗaya cikin abin da na shirya bai dace da wannan ba. Bai musa ba, bai ba ni haƙuri ba, bai ma tuna akwai abin musawa ba. Na ji bakina yana ba shi amsa kamar wani kwastoma, na ce lafiyarta ƙalau, da ƙafarta ta tari tasi. Ya sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin ya yi saboda ni ba, ko ranar da injin niƙa ya kusa cin yatsana. Ya tambayi me ya jawo. Na nuna masa rariyar da silin jan gam a cikin roba. Ya rufe ido, ya ce, "Ni ne."

Na san shi ne. Ba wannan "ni ne" ɗin nake jira ba.

A bayana na ji benci ya yi ƙara. Baba ya ciro wayarsa ya riƙe ta nesa da ido yadda yake yi in zai nemi lamba, amma ba wayar yake kallo ba, ni yake kallo. Daga tsakar gida Umma tana tambaya ko baƙon ya iso a kawo ruwa.

Na ce, "Baba, mayar da ita aljihu."

Na faɗa da ƙarfi ne don Dogo ya ji, ya juyo, ya tambaye ni wace waya, wane kira. Bai ji ba. Ya riga ya ɗauki fitilar hannu, ya kwanta da farar rigarsa a kan baƙin man da ya zuba, ko kwalin bai jawo ba, ya shige ƙarƙashin motarta. Takalmansa kawai nake gani.